Jarida ta riƙe mini albashi, talabijin na kirana: in tafi?

Assalamu alaikum Anti. Ya iyali, ya ƙoƙari? Ni 'yar jarida ce a Kaduna, ina da aure da 'ya'ya biyu. Shekarata takwas ina aiki da wata jarida. Na fara da ɗauko labaran kotu, yanzu majalisar dokokin jiha nake bi, ina kuma da ɗan shafin da nake rubutawa duk mako. Wata biyar ke nan ba mu ga albashi ba, sai alkawari. Kwanan nan wani gidan talabijin mai zaman kansa ya neme ni in riƙa gabatar da shirin hira da 'yan siyasa da jami'an gwamnati, awa ɗaya duk mako, kai tsaye, da Hausa. Albashin da suka yanka mini bai taka kara ya karya ba, amma sun ce duk baƙon da ya biya kuɗin fili, ko tallar da na kawo, ina da kaso a ciki. Mai tashar kowa ya san ɓangaren da yake a siyasa. Editana ya ce in na tafi na bar aikin jarida na koma wasan kwaikwayo. Maigidana bai hana ni ba, amma na ga jikinsa ya yi sanyi, ya ce ba ya son ya ga hotona yana yawo a waya ana zagina. Mahaifiyarsa kuwa ta fito fili ta ce matar aure ba ta zama gaban kyamara tana ja-in-ja da maza. Ni kuma Anti, ba zan ɓoye miki ba, ina so. Na gaji da rubutun da ba a karantawa. Sun ba ni mako biyu. Me zan yi?

Ƙanwarki, daga Kaduna

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya kawo mafita. Kin ba maganar gida da ta edita wuri mai yawa a wasiƙarki, za mu kuma zo kansu. Amma abin da ya tsaya mini a rai wata 'yar magana ce da kika wuce ta a guje, wato duk baƙon da ya biya kuɗin fili kina da kaso. A nan aikin zai gyaru ko ya lalace. Amsata ita ce ki karɓa, matuƙar za su yarda a raba aljihunki da aljihun baƙonki, kuma a rubuce. In sun ƙi, ki yi musu godiya ki bar musu kujerarsu, ko da wata biyar ɗin zai zama bakwai.

Ba zargin tashar nake yi ba. Tun da gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, wato NBC, a 1992 ta ba 'yan kasuwa damar mallakar rediyo da talabijin, hanyar cin abincinsu ɗaya ce, sayar da lokaci. Ba su da kason gwamnati irin na NTA ko ARTV ta Kano. Janareta kullum sai ya sha man dizal, ga kuɗin lasisi, ga ma'aikata, kamfanonin da ke ba da talla mai tsoka kuma yawancinsu a Legas suke. Saboda haka in siyasa ta kankama, kakarsu ce ta zo. Sayar da fili ba laifi ba ne in an gaya wa mai kallo. Sojojin baka na Kano shekara da shekaru suna sayen mintocinsu a rediyo, su yabi uban gidansu su caccaki na wani, kowa ya san biya aka yi, ba wanda aka yaudara. Ɓarnar tana farawa ran da aka sayar da fili aka kira shi hira, aka zaunar da 'yar jarida mai shekara takwas a bakin aiki don mai kallo ya ɗauka tambayar gaske ake yi. Sunanki suke so, shi ya sa ba su ɗauko wadda ta gama makaranta bara ba.

Ga yadda abin ke kasancewa. Saura minti ashirin a shiga, kwamishina ya iso da motoci uku. Ana shafa miki hoda, sai yaronsa mai riƙe masa waya ya matso ya miƙo takarda, ya ce, "Hajiya, ga abin da Oga yake so a taɓo." Kin duba tambaya ta farko: waɗanne nasarori ma'aikatarku ta samu? Ke kuma a jakarki akwai takardar kasafin bara da kika samo a majalisa, da hoton asibitin da aka ce an kammala alhali ko rufi babu. An kunna fitilu. Ta bayan gilashi kina hango manajan talla ya harɗe hannu. Kin yi tambaya ta uku, ta ɗan yi zafi, sai murya ta shigo ta na'urar da ke kunnenki: "A sassauta, Hajiya." Wannan duk da sauƙi, mutum na iya tsayawa a kan bakansa. Mai wuyar ita ce ranar da ba wanda ya ce miki uffan, ke da kanki kika tuna cewa kuɗin makarantar yara na zangon gaba yana rataye da dawowar mutumin nan wata mai zuwa, sai ki haɗiye tambayar. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ambulan ɗin kuɗi da ake raba wa 'yan jarida bayan taron manema labarai, wanda kin sani na sani, shi ma ɓarna ce, amma ta yini ɗaya. Kaso kuwa duk ƙarshen wata zai riƙa tuna miki wanda ke ciyar da ke.

Don haka ki koma musu da buƙatunki, ki nemi a sa su a takarda. Ba alfarma kike roƙo ba, dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Ki nemi albashi tsayayye, ko da bai kai abin da kason zai kawo ba. Baƙon shirinki kada ya biya ko kwabo. Wanda yake son sayen fili a buɗe masa wani shiri mai wani suna, a rubuta a ƙasan allo cewa ɗaukar nauyinsa aka yi, wani ya gabatar. Tallar kamfanin waya ko na taliya ba ta da illa, amma sashen talla ne zai nemo ta, ba ke za ki riƙa bin ofis-ofis da takardar farashi ba, domin wanda kika roƙa da safe ba kya iya tsare shi da tambaya da daddare. Ke da furodusa za ku zaɓi baƙi. Ana iya gaya wa baƙo batun da za a tattauna don ya zo da takardunsa, wannan adalci ne, amma ba a tura masa jerin tambayoyi. Sannan a fara da zango ɗaya, mako 13, kowa ya ga kamun ludayin ɗan'uwansa kafin a ɗaura dogon alkawari.

Maganar ɓangaren mai tashar ba ta dame ni kamar yadda ta dame ki ba. Wace kafa ce ba ta da mai ita? Gaskiya Ta Fi Kwabo Turawan mulki ne suka kafa ta a Zariya a 1939, amma Abubakar Imam ya mai da ita wurin da mutanen Arewa ke kai kukansu. New Nigerian da ta fara fitowa a garinku ranar 1 ga Janairun 1966 ta gwamnatin Arewa ce, duk da haka an yi zamanin da masu mulki ke shakkar sharhinta. Abin dubawa shi ne faɗin sararin da za a bar miki, auna shi kuma ba wuya. Ki rubuta sunayen baƙi shida na farko da kike so, ki sa biyu daga ɓangaren da mai tashar ba ya yi, ki miƙa wa manaja, ki kalli fuskarsa. In ya ce ba damuwa, ki ce a rubuta. In ya ce bari a ji daga sama, kin samu amsarki tun ba ki ajiye aikinki ba.

Editanki kuma ki yi masa uzuri, zafin rasa ma'aikaciyar da ba shi da abin riƙe ta yake ji. Amma dubi 'yar jarida Kadaria Ahmed. A Jami'ar Bayero ta yi karatu, ta yi shekaru a BBC a Landan tana shirya shirye-shiryen Afirka, ta dawo gida ta zama editar jaridar Next a Legas. Jaridar nan, wadda Dele Olojede ya kafa, ta yi suna wajen bincike da hana ma'aikatanta karɓar ambulan, ta kuma daina fitowa a 2011, ƙarancin talla na cikin abin da ya kayar da ita. A 2011 ɗin Kadaria ta jagoranci muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa wadda Buhari da Ribadu da Shekarau suka halarta, Jonathan bai je ba. A Janairun 2019 ta zaunar da Buhari da Osinbajo, bayan mako biyu ta zaunar da Atiku da Peter Obi, kai tsaye a NTA. Duk wanda ya kalli zaman nan ya san edita ce ke aikinta. Maimakon ta ja jan biro a kan takarda, mutumin ne a gabanta tana nuna masa bai amsa abin da aka tambaye shi ba. Ki kuma lura da abin da ya biyo baya: magoya bayan 'yan takara sun yi mata ca a intanet suna zarginta da son kai. Wannan ma yana cikin aikin, ki sa shi a lissafi.

Inda editanki yake da gaskiya shi ne, kyamara tana sangarta wanda ya daina fita neman labari. Na ga masu gabatarwa da yawa, kafin shekara ta zagayo ba abin da suka sani sai abin da baƙo ya gaya musu da abin da suka gani a waya da safe. In fuska ce ko murya, akwai waɗanda suka fi ki. Jarinki shi ne kin san magatakardan kotu, kin san ma'aikacin majalisar da ke ajiye kwafin rahoton kwamiti, kin iya karanta kasafin kuɗi ki bambance abin da aka ware da abin da aka saki. Ko kin bar aikin jaridar na kullum, ki riƙe shafinki na mako, ki sa a yarjejeniya cewa kina da damar yin rubutu a waje. Ki ware yini guda a mako na zuwa majalisa ko kotu ko asibiti, ba kyamara, ba kwalliya, ke da ɗan littafinki.

Af, ban yarda da cewa ba a karanta rubutunki ba. Kwafin da ake bugawa ya ragu, gaskiya ne. Amma ki kunna rediyo da safe lokacin sharhin jaridu: labarin da kika rubuta jiya shi ake karantawa, shi masu bugo waya ke musu a kansa, shi shafukan Facebook ke kwashewa ba tare da sun ambaci sunanki ba. Masu kiran naki ma ta nan suka san ki.

Akwai kuma abin da jarida ta saba miki wanda sai kin zubar. Mu 'yan rubutu muna da ciwon doguwar tambaya. A yi shimfiɗar minti biyu, a ƙulle tambaya uku wuri guda, baƙo ya zaɓi mai sauƙin ya amsa ya bar sauran. A talabijin tambaya ɗaya ce, gajera, sai ki yi shiru. Shirun nan da nauyi, sabon shiga ba ya jure shi, sai ya cike shi da surutu ya ceci baƙon. Tambaya ta biyu kuma ta fi ta farko daraja, ita kuwa ba a rubuto ta daga gida, daga bakin baƙo ake ciro ta, don haka idonki ya bar takarda ya koma kansa. In ya ce, "Mun gyara asibitoci a duk faɗin jihar nan," ki ce, "Ranka ya daɗe, wanne zan je gobe da safe in gani?" In ya kewaya, ki bar shi ya gama kewayensa, ki sake tambaya da muryar da kika yi ta farko. Sau uku ya isa. Mai kallo ba yaro ba ne.

Ki kuma riƙe girmamawar nan da kyau. Akwai salon da ake yayi yanzu na katse baƙo da ɗaga masa murya don a samu guntun bidiyon da zai yi yawo. A wajen masu kallonmu, balle in mace ce ke tambayar dattijo, da zarar an ce ba ta da kunya an gama: an bar zancen asibiti an koma zancen tarbiyyarki, baƙon ya sha. Ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ba shi girmansa, ki tare masa hanyar gudu. Kafin ranar farko, ki ɗauki kanki a waya kina yi wa ƙaninki tambayoyi, ki saurara ki ji ko gwaggonki ta ƙauye za ta gane abin da kike nufi.

Sai haɗarin kai tsaye. A jarida, tsakaninki da mai karatu akwai mai tace labari, akwai edita, wani lokaci har da lauya. A nan ba kowa, abin da ya fita ya fita, kuma ba da bakinki kaɗai ake kama ki ba. A Maris ɗin 2023 NBC ta ci Channels tarar naira miliyan 5 kan kalaman da Datti Baba-Ahmed, wanda ya yi wa Peter Obi takarar mataimaki, ya yi a wata hira bayan zaɓe. A Agustan 2022 ta ci Trust TV irin wannan tarar kan shirinta game da 'yan bindiga. Babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke a 2023 cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara, sai dai mai tasha ba ya son a kai ga kotu, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya dakatar da shiri ya sallami mai gabatarwa. Ga ɓata suna, wanda a kundin dokokin laifuka na jihohin Arewa laifi ne da ake iya ɗaure mutum a kansa. Ga sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi kafin a yi masa gyara a 2024. Saboda haka in baƙo ya kama sunan wani ya ce ɓarawo ne, ko gyaɗa kai kada ki yi. Ki tsayar da shi nan take, ki nemi hujja, ki faɗa a fili cewa wanda ake zargi ba ya nan kuma za a ba shi dama ya kare kansa. Yarjejeniyarki ta faɗa ƙarara cewa in an kai ƙara kan abin da ya fita a shirin, tashar ce za ta ɗauki lauya.

Yanzu gida. Maigidanki bai hana ki ba, ya gaya miki abin da yake tsoro. Wannan mutumin kirki ne, tsoron nasa kuma ba na banza ba ne. Za a yanko daƙiƙa talatin daga hirar awa guda a watsa a TikTok da WhatsApp, a rubuta a kai abin da ba ki faɗa ba. Za a yi magana kan ɗaurin ɗankwalinki da dariyar da kika yi, a ce wai ina mijinta. Abokansa za su turo masa. Yanzu sunanki kaɗai aka sani, kina shiga Kasuwar Barci ki yi cinikinki ba mai waiwayarki. Wata uku a talabijin wannan ya ƙare, mai yadi zai ƙara miki kuɗi, dangi za su ɗauka kin yi arziki. Kada ki ce masa ba komai, domin akwai komai. Ku zauna ku tsara. Ƙarfe nawa shirin ke tashi, wa zai dawo da ke in dare ya yi? Layin wayar aiki ya zama daban da na gida. Ba ganawa da baƙo a otal ko a gidansa, sai ofis ko tasha, kuma da furodusa a wurin. Wani ya riƙa kula da shafukanki, ku biyu ku yi wa juna alkawarin ba mai bin sharhin mutane da daddare. Ki kai shi tashar ya ga wurin da idonsa, ya gaisa da waɗanda za ki yi aiki da su.

Hajiya mahaifiyarsa kuwa, ba ke za ki yi musu da ita ba. Ɗanta ne zai je, bayan kun daidaita, ya gaya mata da yardarsa ne. Ke naki gaisuwa da neman addu'a. In magana ta kawo magana, a tuna mata da Hajiya Bilkisu Yusuf, Allah ya jiƙanta. Ta yi editar Sunday Triumph a Kano, ta yi editar New Nigerian, ta yi aiki a mujallar Citizen, tana kuma cikin matan da suka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN. Ta yi ja-in-ja da masu mulki iya ja-in-ja, da lulluɓinta da mutuncinta, har Allah ya karɓi ranta a turmutsutsun Mina a Hajjin 2015. Kada ki sa ran Hajiya za ta sauko a rana ɗaya. Sau da yawa abin da ke saukar da iyaye shi ne ranar da maƙwabciya ta shigo ta ce ta ga surukarta ta tsare kwamishina kan ruwan unguwarsu. Amma in maigidanki ya zauna ya yi tunani ya ce a'a, ba zan ce ki tsallake maganarsa ba. Sai a nemi tsaka-tsaki, rediyo, ko shirya shirin daga bayan kyamara, a sake tayar da zancen nan gaba.

Albashinki na wata biyar haƙƙinki ne, kada kunya ta sa ki yafe shi. Na san halin da jaridu ke ciki: takardar bugawa daga waje ake sayo ta da dala tun da masana'antar takarda ta Oku Iboku ta durƙushe a shekarun 1990, talla kuma ta koma Facebook da Google. Duk wannan bai goge bashin ba. Kafin ki miƙa takardar ajiye aiki, sashen kuɗi ya rubuta miki adadin da kike bi, da sa hannu da hatimi, ki kuma duba asusun fanshonki ki ga ko ana zuba abin da ake cirewa. In an ja lokaci ba labari, akwai ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa. Amma ki rabu da su lafiya, ki je ki yi wa editanki sallama da bakinki. A aikin nan kowa ya san kowa.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma yana tafe: in shirin ya karɓu, wani zai kira ki ya yi miki tayin zama mai magana da yawunsa. Manya sun bi hanyar. Olusegun Adeniyi ya bar kujerar editan ThisDay ya yi wa 'Yar'aduwa aiki a 2007. Garba Shehu, wanda ya shugabanci kamfanin jaridar Triumph da ƙungiyar editoci, ya yi wa Atiku sannan ya yi wa Buhari. Reuben Abati ya bar The Guardian a 2011 ya yi wa Jonathan shekara huɗu, daga baya ya koma gabatar da shirin safe a Arise. Aiki ne, ba abin kunya ba. Sai dai wanda ya dawo, duk tambayar da ya yi akwai mai tuna masa inda ya fito. In kin tashi karɓa, ki ajiye shirin tukuna, kada ki haɗa biyun ko na mako ɗaya.

In tashar ta ce ba ta iya biya sai ta hanyar kaso, ba ita kaɗai ba ce. Tashoshin Hausa sun yawaita tun bayan zuwan Arewa24 a 2014, sassan Hausa na BBC da DW da RFI duk suna yin bidiyo. Da wayarki da ɗan abin ɗaukar murya za ki iya yin hira uku ta minti goma-goma da mutanen da kika riga kika sani a majalisa, ki sa a YouTube, ki samu abin nuna wa wata tashar.

Makon farko ki ware shi don maganar maigida da ta takardar bashi. Na biyu ki rubuta sharuɗɗanki a shafi ɗaya ki kai da kanki, haɗe da sunayen baƙi shidan. Ki tambayi kuɗin sutura da kwalliya, domin kyamara na cin kaya, in ba a rubuta ba daga albashinki zai fita. Ki nemi wanda ya taɓa aiki a tashar ya bari, ki tambaye shi ko ana biya a kan lokaci, kada ki baro inda kike bin wata biyar ki je inda za ki bi shida. Kuma kada ki ajiye aikinki sai takardarsu ta shigo hannunki, lauya ya duba sakin layin sallama da na ɓata suna, kin sa hannu sun sa.